Ranar da Na Kashe Ƙarar Fankar Gidan Manaja

Jama'a, abin da zan ba ku labarinsa ba a bakin wani na ji ba, da ni aka yi, kuma wallahi tallahi ban ƙara masa gishiri ba. An daɗe, tun muna kashe fam da sule, motoci na bin hannun hagu, ina saurayi mai jini a jika, na sami aiki a wani wurin tsaga katako a cikin dajin Birnin Gwari, ta wajen Kamuku, tafiyar kusan awa guda a mota daga gari in hanya ta yi kyau, ga shi kuwa ba ta cika yin kyau ba. Aikina wuta ne. Ni ke kula da injin da ke juya zarto, ni ke jan waya, ni ke gyaran duk wani abu mai juyawa. A Kaduna na koyi sana'ar, kuma ba yabon kai ba, hannuna yana da kyau, sai dai a lokacin kaina ya fi hannun girma. Leburori na ce mini Injiniya, ni kuwa ina amsawa har da gyara wuyan riga, alhali ko firamare ban ƙarasa ba.

Injin wutar nan da safe ake tayar da shi, a kashe da la'asar in an tashi aiki, to daga jikinsa aka ja waya zuwa gidan manaja, wanda ke can gefe shi kaɗai, nesa da barikin leburori, bayansa babu komai sai ciyawa da itatuwa. Wani Bature ne ya gina gidan, da ya koma ƙasarsu aka kawo sabon manaja, ɗan boko mutumin Zariya, mai kirki amma ba ya son gardama. A kicin ɗin gidan akwai murhun ƙarfe na itace, can sama da shi an huda bango an dasa fanka, ba irin mai ba da iska ba, irin wadda ke zuƙe hayaƙi da zafi ta watsa su waje. Ƙarar fankar nan, Allah ya kiyaye. Kamar ana jan gwangwani a kan tsakuwa, tun daga safe har la'asar, in kana kicin sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka.

Manaja bai damu ba don ba ya wuni a gida, sai da matarsa Hajara ta tare bayan ta yi arba'in, da jaririyarta mace. Yarinya ba ta barcin rana, da ta fara lumshe ido sai ta zabura, ita kuma uwar ciwon kai ya sa ta gaba. Shi ne Manaja ya kira ni ofis ya ce ko dai in kashe ƙarar nan ko ya aiko da wani daga Kaduna. Wannan magana ta wani daga Kaduna ita ta sosa mini rai, na ce ranka ya daɗe ka ba ni yini ɗaya.

Washegari na ɗauki akwatin kayan aikina na tafi. Wanda na tarar a kicin shi ne Baba Tanko, kukun gidan tun zamanin Bature, dattijo ɗan asalin ƙasar, Kirista ne, ba ya da yawan magana, Hausarsa na fita da ɗan gargada. Na hau tebur na sauke fanka. Duk abin da ke sa irin fankar nan kuka na same shi: fukafukai sun yi nauyi da kunkunniya da maiƙo har ɗaya ya rinjayi sauran, notuna sun saki, boris ɗin da fukafukan ke juyawa a kansa ya bushe ƙamas, kuma an manna ƙarfen a jikin bango ba a sa masa roba ba, don haka duk rawar da ya yi sai bangon ya amsa. Na wanke fukafukai da kananzir, na daidaita wanda ya lanƙwashe, na cika boris da giris, na yanko robar tsohuwar tayar mota na shimfiɗa tsakanin ƙarfe da bango. Sai can a jikin ragar waje na ga wani abin da ba a koya mini a Kaduna ba. Wani ɗan falle ne na gwangwanin madara, an yanke shi da kyau, an ɗaure da waya daidai inda bakin fukafukai zai riƙa dukansa. Na duba gefe, ga ƙusa a bango an rataye irinsa guda huɗu, yankakku, suna jiran ranar da wannan zai cinye.

Na sa filaya zan kwance sai Baba Tanko ya riƙe ƙafar tebur ya ce, "Injiniya, gyara duk abin da za ka gyara, amma wannan ka bar shi. Ni na ɗaura."

Na yi dariya na tambaye shi ko kiɗa yake so yana girki. Ya waiwaya wajen ƙofar cikin gida, ya rage murya ya ce Manaja ya hana a yi irin wannan magana a gidan, ya ce duk wanda ya tsorata masa mata da camfi a bakin aikinsa. Abin da kawai zai iya gaya mini shi ne ƙarar nan ba lalacewa ba ce, aiki take yi. Ni kuwa a raina na ce tsoho ne ke kishin an zo an taɓa masa fada. Na kwance fallen na wurga masa a gabansa, na mayar da fanka, na kunna. Wallahi sai ka kai hannu ka ji iska kafin ka yarda tana juyawa. Na ɗora tsinken ashana a kan ƙarfen, bai ko motsa ba, ni kaina sai da na ji daɗin aikin.

Baba Tanko ya cire rigar girkinsa ya ninke, ya ɗauki ƙunshin kayansa, ya ce zai koma ƙauyensu ta wajen Kazage, shi ba zai tsaya a kicin ɗin nan shiru ba. Har ya kai ƙofa ya dawo ya ce mini, tunda shi an hana shi magana, ni in gaya wa uwargida: in rana ta take tsaka aka roƙi wani abu ta ramin fankar nan, kada ta bayar, kada ma ta amsa. Na ce to. Ban gaya mata ba. Na ga Manaja na yaba mini a gaban leburori, me zai sa in ɓata rawata da zancen tsoho.

Kwana biyu lafiya lau, yarinya na barci, Hajara na girkinta da kanta kafin a samo wani kuku. Rana ta uku, wajen sha biyun rana, na biya gidan wai in duba aiki, gaskiyar magana kuwa yabo na je ƙari. Damina ce, an yi ruwa da safe, gari ya yi luf. Na tsaya daga bakin ƙofar kicin muka gaisa, ta ba ni ruwa a moɗa, tana ta godiya tana cewa yarinya na can ɗaki tana barci tun hantsi. Muna cikin haka sai muka ji sallama ta ramin fanka, muryar mace ce, tsohuwa, a hankali, da irin harshen mutanen ƙasar.

"Salamu alaikum masu gida. A taimaka mana da wuta, tamu ta mutu."

Ku da kuka tashi zamanin ashana da gas ba lallai ku gane ba, amma a da ɗiban wuta tsakanin maƙwabta abu ne na kullum, mace ta zo da ɗan kasko a zuba mata garwashi ta tafi, kuma hana wuta abin kunya ne babba. Fuskar Hajara ta washe, don tun zuwanta ba ta ga mace 'yar'uwarta ba, kaɗaici ya ishe ta. Ta tambaye ni ashe suna da maƙwabta a baya? Kada ku ce na manta da saƙon Baba Tanko, wallahi a lokacin ya faɗo mini, kuma faɗowar tasa ce ma ta sa na yi abin da na yi, don in nuna wa kaina ni ba na cikin masu camfi. Na ce mata wataƙila mata masu itace ne ko masu gona. Na ce, "Ki ba ta mana, ai ba a hana wuta."

Ta ɗauko marfin langa mai zanen jan fure, ta shimfiɗa toka, ta ɗora garwashi uku, ta zagaya bayan gida. Sai da ta fita na ɗaga kai na dubi ramin, na tuna ni da tsawona sai da na hau tebur na kai gare shi, ta waje ma ya fi haka nisa da ƙasa, amma muryar nan ta shigo ne kamar mai ita ta kafa baki a jikin raga. Ban gama wannan tunani ba Hajara ta dawo hannu wofi tana murza tafinta na dama. Ta ce wata 'yar tsohuwa ce da kaya a kafaɗa, ta karɓa da hannu biyu, ta ce za ta dawo da marfin, amma yatsunta sanyi kamar ruwan randa. Tana cikin faɗar haka, a gaban idona, wutar murhu da ke ci bal-bal ta lafa ta mutu, ko hayaƙi ba ta bari ba. Na zuba kananzir na ƙyasta ashana, ta yi fuu ta mutu. Na ƙarar da kwalin ashana guda a wurin, itacen nan busasshe ya ƙi kamawa. Na zagaya baya da gudu, ciyawa ce jiƙaƙƙiya, sawun Hajara ne kaɗai ya je ya dawo.

Kafin la'asar Hajara ta fara rawar ɗari. Bargo uku aka lulluɓa mata haƙoranta na haɗuwa. Manaja ya sa ta a mota zuwa gari, aka yi mata allurar zazzaɓi, amma mai ba da maganin da kansa ya ce bai taɓa ganin zazzaɓin da jiki ke yin sanyi ƙalau haka ba. Aka dawo, aka karɓo rubutu wajen malamai, aka yi addu'o'i, duk da haka kullum sanyin ƙaruwa yake. Nono ya ɗauke, jaririya ta ƙi madarar gwangwani, kukanta har ya fara dishewa. Abinci daga bariki ake kawowa don wuta ta ƙi kama a gidan ko ta ina. Ni kuwa na kasa ci na kasa sukuni, ina zagaya injina kamar wanda ya yi kisa, don na san da bakina na tura ta. Rana ta huɗu Hajara ta daina magana, sai ga Manaja da kansa a ɗakin inji, mutumin da ya hana zancen camfi, idonsa ja wur, ya ce in nemo masa Baba Tanko duk inda yake.

Na ari keke na kama hanya cikin taɓo, na same shi a gonarsa yana noman dawa. Da ya zage ni da na fi jin daɗi, amma bai yi ba. Ya dogara da fartanya ya tambaye ni garwashi nawa ta bayar, na ce uku. Ya tambaya wa ya ce ta bayar. Na ce ni ne. A hanya ya ɗan buɗe mini kaɗan. Ya ce bayan gidan nan kufai ne, tun kafin kakansa akwai mutane a wurin, abin da ya same su shi bai sani ba, manya dai sun ce wata damina wutarsu ta mutu ba su sami mai ba su ba. Ya ce kukun da ya riga shi aiki a gidan ya taɓa bayarwa, kwana bakwai ya yi cikin bargo aka kai shi kabari. Tun daga nan yake ɗaura fallen gwangwani don kada kowa ya ji roƙon, in an kashe inji kuma ya toshe ramin da katako. Na tambaye shi su wane ne, ya ce shi kuku ne, ba wannan aka ɗauke shi aiki ya sani ba.

Washegari da rana tsaka muka shiga ciyawar bayan gida, shi a gaba da adda da wani tsohon gwangwani. Ciyawa ta fi mu tsawo, muka tsallake wani ɗan rafi, muka fito wani fili mai tsoffin duwatsun niƙa a warwatse. A tsakiya ga duwatsun murhu uku, a tsakaninsu ga marfin langa mai jan fure. Jama'a, kwana biyar ke nan kullum sai an yi ruwa, ƙasar wurin caɓa-caɓa take, amma tokar nan a bushe, garwashi uku jajur kamar yanzu aka ɗebo su. Na yi ta karanto duk abin da ya zo bakina.

Baba Tanko ya ce, "Kai ka ce a bayar, kai za ka ɗauka. Kada ka waiwaya, kada ka amsa. Uku suka fita, uku za su koma."

Na ɗauka da hannu biyu muka juyo, yana gaba yana dukan gwangwani da adda, ƙwal ƙwal ƙwal, don ƙarar ta toshe mini kunne. Haka muka yi ta tafiya lafiya har bakin rafin. A nan ne tsoho ya saƙala adda a hammata don ya kama reshe ya tsallaka, ƙarar ta tsaya, bai fi a ce numfashi biyar ba. Sai na ji ta daf da ƙeyata. Da tsawa ta yi mini ko barazana, na rantse da na zura da gudu da wutar gaba ɗaya. Amma murya ce ta gajiyayyiyar tsohuwa, irin ta uwar kowa.

"Ɗana, ka bar mana ko ɗaya. Yaran sun fara jin ɗumi."

A bayanta kuma na ji tarin ƙaramin yaro, irin tarin sanyin nan mai fita daga ƙirji. Har yau da furfurata ban san ko tsoro ne ya kama ni ko tausayi ba. Ban waiwaya ba, ban amsa ba, amma na karkata marfin na ture ƙaramin garwashin da ɗan tsinke, ya faɗa cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa, ko cuu ban ji ba. Aka ce, "Allah ya yi maka albarka." Kafin Baba Tanko ya ci gaba da kiɗansa na sa tsinken na fasa babban garwashin gida biyu, suka koma uku.

Da muka isa kicin ya leƙa marfin ya ƙirga, ya ɗago ya dube ni, ya daɗe yana dubana. Na juye a murhu, itacen da ya ƙi kananzir ya kama nan take. Kafin a kashe inji Hajara ta buɗe ido ta ce a ba ta kunu, kwana biyu nono ya dawo, yarinya ta kama. Ni kuwa a ranar na hau tebur da hannuna na ɗaura fallen gwangwani, na cire robar da na sa, na sassauta notuna, fanka ta koma kukanta har ta fi da, Manaja na tsaye yana kallo. Kowa na murna, ana ta sa mini albarka wai na shiga daji na ceto rai. Abu ɗaya ne ya rage: hannunta na dama, daga wuyan hannu zuwa yatsu, ya ƙi yin ɗumi. Aka ce a hankali zai sake. Ba a yi wata biyu ba Manaja ya nemi canji suka tafi, ni ma ban ƙara shekara a dajin ba.

Bayan shekara kusan ashirin, ina tashar mota a Kaduna cikin zafin bazara, irin wanda kwalta ke narkewa, wata mata ta kira ni da Injiniya, sunan da na daɗe ban ji ba. Hajara ce, da budurwar 'yarta a gefe. Hannunta na dama na cikin safar ulu, an naɗe da ƙyalle. Ta ce ba inda ba a kai ta ba, hannun yana motsi amma ba ta jin komai da shi sai sanyi, da hagu take cin abinci, da hagu take miƙa wa mutane abu, kullum sai ta ba da haƙuri, wasu ma ba sa karɓa. Ta faɗa tana murmushi, sannan ta juya ta ce wa yarinyar ta durƙusa ta gaishe ni, wannan ne mutumin da ya ceci ranta da na uwarta. Yarinya ta durƙusa har ƙasa. Na amsa gaisuwar, na karɓi godiyar, na kasa buɗe baki in ce saura ɗaya yana can na bar shi a bakin rafi. Ban taɓa jin na tsani kaina kamar ranar ba.

Na gyara fanka a rayuwata ba iyaka, ta kicin da ta banɗaki da ta ɗaki, kuma har gobe in ka kawo mini zan wanke fukafukai, in sa giris, in ɗaure noti, in shimfiɗa roba, ƙara ta ragu ka sami barci. Amma ban ƙara kashe ƙarar fanka gaba ɗaya ba, kullum sai na bar ɗan kaɗan, masu gida su yi ta cewa tsufa ya taɓa hannuna, ni dai ba na musu. Shawarata gare ku, musamman masu sana'ar hannu, in kun shiga tsohon gida kuka ga abin da ya yi kama da ɓarna amma an yi shi da kula, ku nemi wanda ya yi ku zauna ku saurare shi kafin ku sa filaya. In an ba ku saƙo ku isar, ko kuna ganin shirme ne. Kuma in aka yi muku sallama ba ku ga mai yi ba, ku fara ganinsa kafin ku miƙa komai.

Ban san abin da na gamu da shi a dajin nan ba, Allah ne masani, kuma ban nemi kowa ya fassara mini ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yanzu shi ne, daminar bara, ina zaune ni kaɗai a gidana da rana tsaka aka ɗauke wuta, fankar kicin ta tsaya, unguwa ta yi tsit. Sai na ji ta ramin, a hankali, muryar ba ta ƙara tsufa ko kaɗan ba: "Ɗana, wanda ka bar mana ya kusa mutuwa." Na tashi na ɗauki marfin tukunya da ludayi na yi ta bugawa kamar mahaukaci har aka dawo da wuta. Tun ranar nake cigiyar Hajara, ban san me zai sami hannunta ba, ko ita kanta, ranar da garwashin nan ya mutu, kuma har yau ban sami wanda ya san inda take ba.